Yadda Ake Rataye Labule Ya Zauna Daram: Daga Awo Zuwa Kalmasa

Akwai ɗakin da za ka shiga ka tarar da kujeru masu kyau, fenti sabo, labulen ma yadinsa mai nauyi ne mai ɗaukar ido, amma sai ka ji wani abu bai zauna ba. Ka ɗaga kai, sai ka ga an kafa sandar labulen dab da saman taga, labulen ya tsaya a tsakiyar ƙwauri kamar wandon da yaro ya girme wa, faɗinsa kuma da ƙyar ya rufe gilashin, a miƙe sambal babu tattara ko ɗaya. Yadin ba shi da laifi, ratayewar ce ta kashe shi.

Abin yana damuna ƙwarai, domin labule ne ya fi komai cin fili a bangon ɗaki, kuma gyaransa bai wuce aikin yini guda ba. Kuskuren da ya fi yawa daga tsarin aikin yake farawa. Mutum zai auna taga, ya sayo yadi, ya kai wa tela, a ɗinka, sai daga baya ya fara tunanin inda zai kafa sanda. Ni ma haka na yi a karon farko. Na auna gilashin daga sama zuwa ƙasa na ƙara da ɗan abin da na ga ya dace, aka ɗinka mini labule har na tagogi uku. Ranar da aka kafa sanda aka rataya, santimita 12 ne tsakanin bakin labulen da ƙasa, kuma babu sauran yadi a kalmasar da za a warware a ƙara. Shekara biyu ina kallon wannan giɓin kullum. Tun daga lokacin na riƙe tsari ɗaya: a fara kafa sanda, a auna daga jikinta, sannan a yanka yadi.

Me kake so labulen ya yi maka?

Wannan tambayar ce ke yanke hukunci a kan sauran abubuwa duka. Idan duhu kake so a ɗakin kwana, ko kare zafin rana, to yadi mai kauri za ka nema, a yi masa shafi ta baya, kuma irin wannan labulen yana da nauyi sosai. Idan sirri kawai kake so da rana ba tare da ka toshe haske ba, mai shara-shara ya isa. Sai dai ka sani, shara-shara da rana yake rufe asiri. Da dare in an kunna fitila a ciki, na waje yana ganin komai. Shi ya sa da yawa suke haɗa biyu, shara-shara ta wajen gilashi, mai kauri ta cikin ɗaki, a kan maƙalai masu ɗaukar sanda biyu.

Nauyin yadin shi zai gaya maka kaurin sanda. Siririya mai milimita 16 ko 19 ta labule marar nauyi ce. Mai kauri da shafi yana son sandar milimita 25 zuwa 28, wani lokaci har 35. Akwai sandunan da ake zuƙewa a ƙara musu tsawo, ƙarama cikin babba. Suna da sauƙin sha'ani, amma kada ka ja su zuwa iyakarsu, domin a mahaɗar suke lanƙwashewa, kuma a nan zobba ke cijewa in ana jan labule. Idan tagar tana da faɗi sosai, ko labule ɗaya kake son ja daga wannan gefe zuwa wancan, ka bar sanda ka koma reli, wato dogon ƙarfe ko roba mai kwari a jikinsa, inda 'yan ƙugiyoyi ke gudu ba tare da maƙali ya tare su ba.

Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin awo na ƙarfe (na tela yana miƙewa, ba ya ba da gaskiya a dogon awo), fensir, lebur (ma'aunin magina mai ɗan kumfa a ciki, wanda ke nuna ko abu ya karkace), injin huda bango da bakinsa na siminti, sukurori da robobin da ake cusawa a rami, waɗanda masu aiki ke kira fisha, sai sukundireba, ƙaramar guduma da tsani mai ƙafafu huɗu. Kada ka hau kujera ko ka ɗora wani abu kan wani. Sannan ka nemi mutum na biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ke kan tsani ba ya ganin karkata, sai wanda ke tsaye a ƙasa daga nesa.

Inda sanda za ta zauna

A nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Ka cire tagar daga ranka, ka kalli bangon gaba ɗaya.

Ta fuskar tsawo, mafi ƙarancin tazara tsakanin saman firam ɗin taga da sanda shi ne santimita 10 zuwa 15. Amma in akwai fili, ka ɗaga ta sama da haka: ka raba tazarar da ke tsakanin saman taga da silin gida uku, ka hau kashi biyu. A ɗakin da silinsa ke ƙasa-ƙasa, ka kai sandar kusa da silin ɗin, ka bar kamar santimita 5 zuwa 8 don hannu ya samu shiga a lokacin cirewa da mayarwa. Dalilin kuwa shi ne ido yana bin dogayen ninkin labule daga ƙasa zuwa sama, duk inda suka tsaya nan yake ɗauka ɗakin ya ƙare. Ka ɗaga sandar, ɗakin ya ƙara tsawo ba tare da an ƙara bulo ko ɗaya ba. Ban da haka, sanda in ta yi sama, haske ba ya tsallakowa ta kan labulen ya faɗo cikin ɗaki da sassafe.

Ta fuskar faɗi, sandar ta wuce firam da santimita 15 zuwa 30 a kowane gefe. Wannan rarar ita ce masaukin labule in an buɗe shi. Idan babu ita, labulen da aka tattara zai zauna a kan gilashi ya cinye maka kusan kashi ɗaya cikin uku na haske da iska, kuma in an rufe, gefe zai bar tsaga. Mai kauri ya fi bukatar fili, don haka ka ba shi 25 ko 30. In tagar tana kusa da kusurwa har gefe ɗaya ba shi da wannan filin, kada ka matse ɗaya gefen don su daidaita. Ka sa labule ɗaya mai faɗi wanda za a riƙa turawa ɓangaren da ke da fili.

Mu ɗauki misali mu riƙe shi har ƙarshe. Taga mai faɗin santimita 120. Ka ƙara 20 hagu, 20 dama, sandarka ta zama 160, ban da kawunan adon da ake ɗaurawa a bakinta. Su ma kawunan ka duba ko suna da wurin zama, kada ka gama aiki ka tarar ɗaya ya tokare da bango ko da kabad.

Abu na uku da ake yawan mantawa shi ne nisan sandar daga bango. Idan tagar tana da mariƙi da ya fito, ko ƙarfen tsaro, ko dandamali a ƙasanta, labulen zai hau kansu ya yi ƙusumbi. Ka ɗora tef a bango ka auna abin da ya fi fitowa, ka nemi maƙalin da ya zarce shi da santimita 3 zuwa 5.

Idan tagogi biyu ne ko uku a ɗaki ɗaya kuma tsayinsu ya bambanta, duka sandunan su zauna a layi guda, a bi wadda ta fi tsayi. Ɗakin da kowace sanda take da nata tsayin ba ya taɓa natsuwa.

Sa alama

Ka fara da gefe ɗaya. Maƙali yana zama kamar santimita 5 zuwa 10 daga ƙarshen sanda, yadda zobe ɗaya zai samu wuri a bayansa. Ka ɗora maƙalin a bango, ka zura fensir ta ramukansa ka ɗiga alama. Sannan ka ɗauko wannan tsayin zuwa ɗaya gefen da lebur, kana ɗora shi kan sandar kanta ko kan wani miƙaƙƙen katako. In ba ka da lebur, siririn tiyo mai haske da ruwa a ciki ya wadatar: ka riƙe baki ɗaya a alamar farko, abokin aikinka ya riƙe ɗayan, inda ruwan ya tsaya a ɓangarorin biyu tsayinsu ɗaya ne. Magina sun daɗe suna aiki da wannan dabarar.

Idan tagogin suna da yawa, ka yanko kwali mai kusurwa, ka ɗora shi a kusurwar firam, ka huda inda ramukan za su kasance. Ka juya shi ka yi ɗaya gefen. Kwalin nan guda zai raba ka da maimaita awo sau goma.

Ga wani abu da ba kowa ke faɗa ba. Gine-gine da yawa ba a miƙe suke ba. Silin na iya gangarawa da santimita 1 ko 2 daga wannan kusurwa zuwa waccan. Idan sandarka tana kusa da silin kuma ka bi lebur sau da ƙafa, duk wanda ya shigo zai ce sandar ce ta karkace, domin da layin silin yake gwada ta. A irin wannan hali ni nakan raba bambancin biyu: in karkatar santimita 2 ce, in bar sandar ta bi silin da santimita 1. Kafin ka huda komai, abokin aikinka ya riƙe sandar a kan alamun, kai kuma ka sauko ka koma ƙofar ɗaki ka kalla. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Sandar da ta wuce santimita 180 tana bukatar maƙali na uku a tsakiya, in yadin mai nauyi ne ma tun daga 150. Ya zauna daidai inda labulen hagu da na dama za su haɗu, tunda zobe ba ya tsallake shi.

Huda bango

Kafin injin ya taɓa bango, ka duba soket da makunnin fitila da ke kusa. Wayoyin lantarki galibi a miƙe suke tafiya cikin bango, sama ko ƙasa ko gefe daga soket da makunni. Idan alamarka ta faɗo a kan wannan layin, ka matsar da ita. Haka nan bututun ruwa a bangon da ya jingina da banɗaki, da bututun na'urar sanyaya ɗaki. In kana da ƙaramar na'urar nan mai gano waya da ƙarfe a cikin bango, ka bi wurin da ita. In kana shakka, ka kashe wutar wannan ɓangaren daga babban makunni, ka yi aiki da inji mai batir.

Sannan ka san irin bangon da ke gabanka, domin kusan duk labulen da ya taɓa faɗowa kan mutane daga nan matsalarsa ta fito. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ka saurara.

Bangon bulo ko jan birki mai filasta shi ne ya fi sauƙi. Don labule matsakaici, bakin inji na milimita 6 da fisha mai lamba 6. Don mai nauyi, 8 da 8. Lambar bakin inji da ta fisha dole su zama ɗaya. Ka ɗora fishar a jikin bakin injin, ka ƙara santimita 1, ka naɗa salatif a wurin don ka san inda za ka tsaya. Ka fara hudawa a hankali ba tare da ka kunna bugun guduma na injin ba, har sai bakin ya ci filasta ya samu wurin zama, sannan ka kunna. In ka fara da bugu, bakin zai zame daga alama, filastar kuma ta ɓare ta bar maka rami mai faɗin baki. Ka riƙe injin a miƙe, kada ka jujjuya shi. Ambulan da aka manna a buɗe ƙarƙashin alamar zai tare maka ƙurar kafin ta zuba a ƙasa. In ka gama, ka fitar da ƙurar da ke cikin ramin, domin fisha ba ta kama gari. Ka tura ta da yatsa, ka ƙarasa da ɗan bugun guduma har ta shafe da bango. Ta shiga da ɗan ƙyar. In ta zurma salin-alin, ramin ya yi mata yawa, ka sa wadda ta fi ta girma.

Abin lura: filasta kaɗai ba ta riƙe nauyi. Kaurinta yakan kai santimita 1 zuwa 2, don haka gajeriyar fisha rabinta a filasta take ƙarewa. Sukurorin da ke zuwa cikin kwalin sanda sau da yawa gajeru ne ƙwarai. Ni ajiye su nake yi in sa nawa masu tsawon santimita 5 ko 6. Sukurun ya kamata ya ratsa maƙali, ya ratsa fishar gaba ɗaya, har bakinsa ya ɗan leƙa ta bayanta, a nan ne take buɗewa ta cije bango.

Bulo mai rami a ciki kuma, za ka ji injin yana ci yana ci sai kawai ya zurma. Ka shiga kogon bulon ke nan. Kada ka yi amfani da bugu a irinsa, yana farfasa cikin. Ka nemi fisha irin wadda ke dunƙulewa ta yi ƙulli a bayan fatar bulon in an ɗaure sukuru, ko ka matsa kaɗan ka samu inda bulon yake da ciko.

A ginin bulo, yawanci a saman taga akwai linta, kankaren da ke ɗauke da ginin da ke bisa, kuma tana shiga bango ta kowane gefe. Tana da tauri, cikinta kuma akwai rodi. Idan injin ya tsaya cak yana ƙara, ƙurar ta daina fita, wataƙila rodi ka tarar. Kada ka matsa masa, kada kuma ka yi ƙoƙarin yanke shi. Ka sake wuri da santimita 2 sama ko ƙasa, ka gyara ɗaya gefen su daidaita. Wannan ma wani dalili ne na ɗaga sanda sama sosai, sau da yawa kana tsallake lintar baki ɗaya.

Bangon allon jifsam, wanda in ka ƙwanƙwasa yake amsawa kamar ganga, fisha ta yau da kullum ba ta yi masa komai. Ko dai ka lalubo ginshiƙan da ke bayansa, waɗanda yawanci ake jerawa duk santimita 40 ko 60, ka ɗaure a jikinsu, ko ka sa maƙalan ƙarfe masu fukafukai da ke buɗewa a bayan allon. Silin na ado da aka yi da irin wannan kayan shi ma haka ne: kada a rataya masa reli sai an samu katako ko ƙarfen da ke riƙe da shi.

Tsohon bango mai marmashewa, ko bangon ƙasa, maganinsa katako ne. Ka samo miƙaƙƙen katako mai faɗin kamar santimita 7 zuwa 10, tsawonsa ya ɗan wuce sandar, ka kafe shi a bango da dogayen sukurori a wurare biyar ko shida, ka shafa masa fentin bangon, sannan ka ɗaure maƙalai a jikinsa. Nauyin da da zai taru a rami biyu ya bazu ke nan. Na ga ɗakin da aka huda bango sau huɗu a wuri ɗaya, kowane karo maƙalin ya tumɓuke da gayan filasta. Katakon nan ne ya kawo ƙarshen wahalar.

Da ramuka sun kammala, ka ɗaura maƙalin farko, amma kada ka ƙarasa ɗaure sukurorin. Ka ɗaura na biyu, ka ɗora sanda, ka sake duba lebur, sannan ka ɗaure su tamau da hannu. Inji yakan wuce gona da iri ya cinye cikin fisha. Na tsakiya shi ne na ƙarshe, kuma sandar ce za ta nuna maka tsayinsa. Ka ɗan tallafe ta daga ƙasa don ta miƙe kafin ka sa alama. Daga nan ka kama kowane maƙali ka ja shi ƙasa da ɗan ƙarfi. In ya motsa yanzu, to da labule a kansa ba zai kai wata ba.

Yanzu ne lokacin awon yadi

Faɗin yadi daga tsawon sanda ake lissafa shi, ba daga taga ba. Ka ninka tsawon sandar sau 2, in kana son cika sosai sau 2 da rabi. Shara-shara kuwa har sau 3. A misalinmu, sanda 160 tana son yadi mai faɗin 320, wato falle biyu kowanne 160, ban da abin da za a kalmashe a gefuna. Kada ka yi ƙwauro a nan. Yadi mai sauƙi da aka tattara da yalwa ya fi yadi na alfarma da aka miƙe kamar zanin shanya. In yadin yana da manyan zane, ka ƙaro kaɗan don tela ya haɗa zanen falle biyun su tashi a layi ɗaya.

Tsawon kuma ya danganta da irin kan labulen. Idan mai idanun ƙarfe ne da sanda ke ratsawa, ka auna daga saman sanda zuwa ƙasa, ka gaya wa tela wannan awon daga saman cikin idon yake farawa, akwai kamar santimita 3 ko 4 na yadi da zai tsaya bisa sandar. Idan mai zobba da ƙugiya ne, ka auna daga ɗan ƙaramin idon da ke ƙasan zoben. Idan reli ne, daga saman relin, don kan labulen ya rufe shi.

Ka auna a wuri uku: hagu, tsakiya, dama. Daɓe ma ba ya cika daidaita. Ka ɗauki mafi gajarta, ka cire santimita 1. Wannan shi ne tsawon da na fi so, labule yana shawagi dab da ƙasa, ba ya sharar ƙura, ba ya kuma nuna ƙafar bango. Wasu suna son ya zubo ƙasa da santimita 5 zuwa 15. Yana da kyau a hoto, amma a gidan da ake shara da goge-goge kullum, ko akwai yara, bakinsa zai yi dauɗa cikin mako guda. Inda akwai gado ko tebur a jingine ƙarƙashin taga, sai a yi gajere: ya tsaya santimita 1 bisa dandamalin taga, ko ya wuce shi da 10 zuwa 15. Tsakanin waɗannan biyun, wato ya wuce taga sosai amma bai kai ƙasa ba, shi ne tsawon da ba ya yi wa kowane ɗaki kyau.

Yadin auduga da na lilin suna tsukewa a wankin farko, har kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A labule mai tsawon santimita 250, wannan zai iya kai santimita 12. Ka jiƙa yadin ya bushe kafin a yanka. Ka kuma roƙi tela ya bar kalmasar ƙasa mai zurfi, santimita 10 ninki biyu. Tana ba labule nauyin da zai sauka a miƙe, kuma ita ce ajiyarka in wata rana ya bukaci ƙari. In da hali, ya bar ƙasan ba a ɗinke ba tukuna, za ka ga dalili.

Ratayewa

Ka goge labulen tas kafin ya hau, ta baya, da zafin da yadin zai iya ɗauka. Layin ninkin da ya hau sanda da shi ba ya saurin fita.

Mai idanu: yawan idanun kowane falle ya zama adadin da ke rabuwa biyu daidai, 8 ko 10 ko 12. Ka fara zura sandar ta fuskar yadin, yadda gefen farko zai juya ya kalli bango, ka ci gaba ciki da waje, na ƙarshen ma ya kalli bango. Idon ƙarshe ya zauna a bayan maƙali. Shi ke riƙe gefen labulen kada ya biyo ka tsakiya duk lokacin da ka ja.

Mai zobba: a lissafa zobe ɗaya ga kowace santimita 10 ta sanda, wato 16 a misalinmu, 8 kowane gefe, a nan ma ɗaya a bayan maƙali. Idan kan labulen yana da tef mai zaren tattarawa, ka fara ƙulle zaren a gefe ɗaya kafin ka ja ta ɗayan, in ba haka ba zai zare gaba ɗaya ya fito a hannunka. Ka ja har faɗin ya kai rabin sanda da ɗan ƙari, ka baje tattarar da yatsu ta daidaita, ka ɗaure. Ragowar zaren kada ka yanke. Ka naɗe shi ka soke a baya, domin ranar wanki sai an warware. Tef ɗin yakan zo da layukan aljihu biyu ko uku: ƙugiya a layin sama in sanda ce, don labulen ya sauka ƙarƙashin zobba, a layin ƙasa in reli ne, don ya ɓoye shi. Waɗannan layukan kuma su ne ke ba ka damar ɗaga labule ko sauke shi da ɗan kaɗan ba tare da allura ba.

Mai aljihu, wanda ake zura sandar cikin ɗinkin samansa, ba ya jawuwa da daɗi. Ka bar shi ga tagar da ba a cika buɗewa ba.

Nauyin labulen yana kan kafaɗar mai taimaka maka yayin da kake maƙala ƙugiyoyi, kada ka bar shi yana reto a kan biyun farko.

Bayan ya hau, ka ƙyale shi kwana 2 ko 3. Yadi yana saki in ya ɗauki nauyin kansa, mai kauri yakan ƙara tsawo kaɗan. Sai bayan nan za ka durƙusa da allurai, ka kalmashe ƙasan yana rataye, kana bin daɓen yadda yake, sannan a sauke a ɗinke. Kalmasar da aka yi haka ko daɓen ya karkace ba za a gane ba. In gefuna suna ɗagewa, a saka 'yan ƙananan nauyi a kusurwoyin kalmasar.

A cikin waɗannan kwanakin ne kuma ake koya wa labule ninki. Ka buɗe shi zuwa gefe, ka bi kowane ninki da hannu daga sama har ƙasa, ciki da waje, su jeru kamar an tsara. Ka ɗaure da tsumma mai laushi a wuri uku, sama, tsakiya da ƙasa, sako-sako yadda ba zai bar shaida ba. In ka kwance bayan kwana 2 ko 3, duk lokacin da aka buɗe shi zai koma kan waɗannan ninkin da kansa. Ƙaramin aiki ne, amma shi ke bambanta labulen da ya zauna da wanda aka rataya kawai. Maɗaurin gefe, in za a sa, ya zauna wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon daga ƙasa. Ka gwada da hannu ka kalla kafin ka huda masa.

Akwai abubuwa biyu da ba na sassauci a kansu. Na farko igiya: duk labulen da ke da igiyar ja mai zagaye, a ɗaure ta sama inda hannun yaro ba ya kai, a kuma nisanta gadon jariri daga taga, domin igiyar tana iya shaƙe yaro cikin ɗan lokaci kaɗan ba tare da an ji motsinsa ba. Na biyu wuta: dogon labule ba na kusa da murhu ba ne, ko kyandir, ko abin ɗumama ɗaki. A bar aƙalla mita 1, a kuma tuna iska tana kaɗa shi ya kai inda ba a zata ba.

Wanda ke zaune a gidan da ba a yarda ya huda bango ba, akwai sanda mai sifirin a ciki wadda ake tokarawa tsakanin gefunan taga biyu. Tana ɗaukar shara-shara da yadi marar nauyi lafiya lau, amma kada a ɗora mata mai shafi.

Bayan mako guda da fara amfani, ka sake hawa tsani ka bi sukurorin da sukundireba, har da 'yan ƙananan da ke riƙe sanda a cikin maƙali, domin jan yau da gobe yana sassauta su. In ka ga garin filasta a ƙasa ƙarƙashin wani maƙali, ya fara motsi ke nan: ka sauke labulen, ka zare fishar, ka sa mai girma da sukuru mai tsawo, ko ka cike ramin ka sake wani santimita 5 daga gefensa. In zobba suna cijewa a sanda, ka goge ƙurar samanta da tsumma, ka ɗan goga mata kakin kyandir, za su koma gudu.